Hausawa 18 na Glover: Wa Ya Kai Su Legas?

Duk shekara, da zarar watan Yuli ya kama, saƙon nan sai ya dawo. Yakan fara ɓulla a zauren WhatsApp na 'yan unguwa, kafin azahar ya cika Facebook: tsohon hoto na wasu baƙaƙen sojoji sanye da jar dara, ƙafa ba takalmi, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Hausawa ne suka kafa sojan Najeriya. In tsautsayi ya sa wani ɗan Kudu ya yi tari a ƙarƙashin hoton, to an samu abin yi har magariba. Mu ma mun tura shi, ba sau ɗaya ba. Bana dai mun ƙi, kuma ga dalili.

Mu 'yan Abakwa ba baƙin soja ba ne. Tsohuwar harabar makarantar horar da hafsoshi maƙwabciyarmu ce, barikin Dalet yana nan Kawo, ɗan hawa keke ne. A layinmu akwai gidan da kakansu ya yi yaƙin Bama, akwai wanda babansu ya yi na basasa, akwai wanda aka kawo musu jakar ɗansu daga Sambisa ba tare da shi ba. Mu muke cewa Abakwa, a takarda Abakpa ake rubutawa, kuma a bakin Igala da Idoma kalmar nan Bahaushe take nufi. Je ka Enugu, za ka tarar da wata Abakpa, ita ma manne da bariki. In ana maganar asalin soja, maganar gidanmu ake yi.

Labarin da rundunar sojan ƙasa take bayarwa gajere ne. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Hawley Glover, ya zaɓi 'yan asalin Arewa su 18 a Legas, ya koya musu fareti da harbi, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Daga nan rundunar take ƙirga shekarunta, shi ya sa a 2023 ta yi bikin cika 160. Ba ƙarya a ciki. Amma wannan furuci na "'yan asalin Arewa" yana da wayo. Wanda ya ji shi sai ya ɗauka shafin ɗaukar soja aka buɗe, kowace jiha ta kawo kasonta, samari suka hau mota a tashar Kawo. A 1863 babu Najeriya, babu dogo, babu kwalta. Daga Kano zuwa bakin teku tafiyar makonni ce masu yawa a ƙasa. To me Bahaushe yake yi a Legas, ba gona, ba dangi, ba abin yi sai ɗaukar bindigar baƙo?

Kafin amsa, sai mun koma baya ga mutumin da ya buɗe wa Glover ƙofar garin.

Sunansa Henry William Bruce, ɗan masu hali ne daga Ireland. An haife shi a 1792, aka sa shi a jirgin yaƙi a 1803, yana da shekara 11, shekarun da yaranmu ke aji biyar na firamare. A lokacin jiragen katako ne, ba inji, iska ce ke kaɗa manyan zannuwan da aka ɗaura musu, in ta ɗauke sai a zauna a tsakiyar teku a jira ikon Allah. Yana da shekara 13 ya ga yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoba 1805, inda jiragen Ingila 27 suka karya na Faransa da Sifen 33, kuma jagoransu Nelson ya mutu. Daga wannan rana teku ta zama gonar Ingila na kusan shekara ɗari. Bruce ya ci gaba da hawa tsani. Ya yi yaƙi da Amurka a 1812, ya riƙe jirage ɗaya bayan ɗaya, a 1851 aka ba shi rundunar da ke sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Daga baya ya riƙe rundunar tekun Fasifik, ya riƙe babbar tashar Portsmouth, ya mutu yana Admiral a Disamba 1863, shekarar da Glover yake jera mutanensa a fili.

A lura da abu ɗaya. Ranar da yaro Bruce ya taka jirgi, cinikin bayi halal ne a dokar ƙasarsu, kuma tsaron hanyoyin wannan ciniki yana cikin aikin sojan ruwan da ya shiga. Jiragen Ingila sun kwashe 'yan Afirka fiye da miliyan 3 kafin majalisarsu ta haramta cinikin a 1807. Sai rundunar ta juya ta koma farautar masu yin abin da take karewa jiya. Daga 1808 zuwa 1860 ta kama jirage kusan 1,600, ta sauke mutum kusan 150,000, galibi a Saliyo. Waɗannan rayuka ne na gaske, ba mu da hujjar raina aikin. Sai dai da Ingila ta soke bautar kanta a 1833, fam miliyan 20 ta ware don biyan diyya, kuma masu bayin aka biya. Bayin ko anini.

A Legas kuwa akwai rigimar sarauta. Kosoko ya kori Akitoye daga gadon mulki, kuma Legas ce babbar tashar fitar da bayi a yankin. Akitoye ya kai kuka wurin Turawa, ya yi alkawarin hana cinikin in aka mayar da shi. A Nuwamba 1851 ƙaramin jakada John Beecroft ya gwada shiga da ƙarfi, mutanen Kosoko suka fatattake shi. Sai Bruce ya ɗauki lamarin a hannunsa. Manyan jiragensa ba sa iya ƙetare yashin bakin mashiga, don haka ya tura ƙananan jiragen hayaƙi biyu, Bloodhound da Teazer, da kwale-kwale ɗauke da igwa. An fara ranar 26 ga Disamba. Mutanen garin sun yi tsayuwar daka, sun kashe Turawa 15, sun raunata 75, har sai da roka ta faɗa rumbun albarushin Kosoko gari ya kama da wuta. Ranar 1 ga Janairu 1852 Bruce da Akitoye suka sa hannu a yarjejeniya. Shekara tara da 'yan watanni bayan haka, a Agusta 1861, aka girke wani jirgin yaƙin a gaban gari, ɗan Akitoye, Dosunmu, ya sa hannu ya miƙa Legas ɗungurungum. An shigo don hana sayar da mutane, an ƙare da karɓe ƙasar mutanen, ga kuma manja yana ta gangarowa zuwa masana'antun sabulu na Liverpool.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: babban sarkin yaƙin Kosoko a wannan karo, Oshodi Tapa, Banufe ne da ya taso a matsayin bawan fada. Tapa ma sunan da Yarbawa ke kiran Nufawa ne, kamar yadda suke ce mana Gambari. Wato tun kafin Glover, ɗan Arewa yana riƙe wa wani bindiga a Legas.

Shi Glover an haife shi a 1829, ya shiga sojan ruwa a 1841 yana da shekara 12. Ya koyi aikin a ƙarƙashin iska, ya ƙare shi a zamanin hayaƙi, kuma bai taɓa kaiwa Admiral ba, a kyaftin ya tsaya. An yi masa mummunan rauni a Bama, wato Myanmar ta yau, a 1853. Shekara 90 bayan haka magadan rundunarsa aka kwasa zuwa wannan Bamar, kuma daga can sunayen Dalet da Kalapanzi suka zo mana Kaduna. A 1857 ya biyo likita William Baikie a jirgin Dayspring don auna kogin Kwara, tare da Samuel Ajayi Crowther. A watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nitse. Wannan hatsari shi ya sauke Glover daga ruwa ya sa shi a turba. Ya ratsa ƙasar Yarbawa a ƙasa tsakanin Kwara da Legas, kuma a wannan kai da kawo ne ya san mutanen da za su zama sojojinsa.

Mafi yawansu bayi ne. Ga kalmar da hoton Yuli ba ya ɗauke da ita. Bayi ne da suka tsere daga hannun iyayengijinsu a Legas da Abeokuta da garuruwan kewaye, suka fake a bayan Baturen da ke neman 'yan dako da 'yan rakiya. Glover ba sakarai ba ne, ya ga abin da yake da shi a hannu: mutanen da ba su da kowa a ƙasar, harshensu daban, addinin da yawansu daban, kuma suna da tabon igiya daga mutanen da za a tura su yaƙa. In Glover ya faɗi, su ma mari za su koma. Ina za a samu soja mai biyayya irin wannan? Da su ya fasa sansanin Egba da ke kewaye da Ikorodu a 1865. Da yaƙin Ashanti ya tashi a 1873, ya kwashe su zuwa ƙasar da ake kira Ghana yau, da ya ga ba su isa ba sai ya riƙa biyan masu bayi kuɗi a Accra suna sakar masa bayinsu 'yan Arewa yana sa musu kaki. Ya bi ta kogin Volta ya isa Kumasi a Fabrairu 1874, ya tarar Janar Wolseley ya riga ya ƙone ta. Majalisar Ingila ta yi masa godiya, aka ba shi lambar girma, aka tura shi gwamna a Newfoundland, wani tsibiri mai sanyi a gabashin Kanada. Ya mutu a Landan a 1885. Akwai zaure da titi masu sunansa a Legas, akwai gari mai sunansa a Newfoundland, matarsa ta rubuta littafin rayuwarsa. Su kuwa 18 ɗin, lamba kawai ake karanta mana.

Yanzu mu dawo kan tambayar. Bruce bai taɓa zuwa Zariya ba. Glover bai kama kowa a Katsina ba. A Legas suka tarar da mutanen nan. Wa ya kai su?

Mu ne. Ba mu da muke latsa waya yau ba, amma gidajen da muke tinƙaho da su, kasuwannin da muke yi wa kirari, fataken da muke cewa sun ratsa duniya da goro da jaki. A Fabrairu 1851, wata goma kafin igwar Bruce ta yi magana a Legas, Heinrich Barth yana cikin birnin Kano yana ƙirga kayan kasuwa. Ya ƙiyasta bayi kusan 5,000 ake fitarwa daga Kano duk shekara, kuma ya lura da yawa Nufe ake gangarawa da su, ba Sahara kaɗai ba. Daga Nufe sai Ilori, daga Ilori sai hannun Yarbawa, wanda bai yi sa'a ba sai cikin jirgi. Tun a 1824 Hugh Clapperton, shi ma hafsan sojan ruwan Ingila, ya zaga rumfunan bayi a kasuwar Kano, ya wuce Sakkwato ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya rubuta wa sarkin Ingila cewa zai hana fatake kai bayi ƙasashen bakin teku. Ba a alkawarin hana abin da ba a yi. Yawan bayi 'yan Arewa a Oyo ya kai har Afonja ya kira su tawaye a 1817, aka girgiza daular. A Bahia ta Brazil, mahukunta sun rubuta sunan Hausawa a shirin tawayen 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tashi a 1835. Ba iska ce ta kai su can ba.

Za a ce ai Shehu Usmanu ya yi tir da bautar da Musulmi, Bello ma ya ƙi a sayar wa Nasara da su. Gaskiya ne, rubuce-rubucen suna nan. Amma yaƙin da aka yi shekara da shekaru tsakanin Sakkwato da Gobir da Maraɗi da Kabi da Barno bai riƙa tambayar kalmar shahada kafin ya ɗaure mutum ba, kuma dillali a kasuwa bai riƙa tambaya ba. Wanda ba Musulmi ba kuwa, ba wanda ya yi masa ko da wannan alkawarin. Masana sun ƙiyasta bayin daular Sakkwato a wajejen 1900 tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5. Ba a kammala soke bauta a dokar Arewa ba sai 1936. Akwai tsofaffi a raye yau da aka haifa kafin wannan shekara.

A nan ne ma wannan "mu" ta cikin saƙon Yuli take rushewa. Bature ba ya tantance asali. Duk wanda ya fito daga Arewa yake jin Hausa, Hausa ne a rajistarsa: Babarbare, Banufe, Bafillace, Bagwari. A Ghana har Mosawa da Gurunsawa sun shiga ƙarƙashin sunan, kuma wanda ake cewa ya fara harba wa Ingila bindiga a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agusta 1914, Alhaji Grunshi ake kiran sa. Mutum nawa ne a cikin waɗannan "Hausawa" suka koyi Hausar a gidan ubangijinsu, bayan mahayan Zazzau ko na Kwantagora sun ƙone ƙauyensu? Ƙasar da Abakwa take a kai ƙasar Gbagyi ce. In muka ɗauki hoton nan muka kaɗa wa ɗan Kudancin Kaduna a fuska muna cewa mu muka kafa soja, mai yiwuwa kakan kakansa muke nuna masa, sanye da sunan da muka ɗaura masa bayan mun ɗaura masa igiya. A garin da kogi ya raba mu gida biyu tun rikicin 2000, wannan ba ƙaramin rashin ta ido ba ne.

Akwai wasu 'yan uwanmu kuma da ke can ɗaya gefen, masu cewa ai waɗannan sojoji karnukan farautar Nasara ne, maciya amana. Hujjarsu tana da nauyi. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 da Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano, Turawan da ke tare da shi ba su kai 50 ba, baƙaƙen sojoji sun haura 700, kuma da Hausa ake ba da yawansu umarni. Haka a Sakkwato ranar 15 ga Maris, haka a Burmi cikin Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, haka a Satiru a 1906. Ba mutanen Glover ne da kansu ba, Lugard ya ɗebi nasa daban, amma dabarar ta Glover ce: nemo wanda ƙasarsa ta zubar, ba shi albashi da kaki da bindiga, ka nuna masa hanya. Ba mu wanke su daga jinin da suka zubar ba, kuma ƙauyuka da yawa sun ɗanɗana zaluncinsu ko da ba Bature a kusa. Sai dai kafin ka ce mutum ya ci amana, nuna mana amanar da aka ba shi. Wanda aka tsaya da shi a rumfa aka duba haƙoransa aka yi cinikinsa da wuri, wace mubaya'a ce ta rage a wuyansa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masu mayar da Glover waliyyi su ma a bar su da abinsu. Ya kare bayin da suka gudo wurinsa, ya yi rigima da masu su, ya ba 'yan gudun hijirar Abeokuta fili a Ebute Metta. Amma mutumin da ya biya kuɗin kanka ya miƙa maka bindiga ya ce ka bi shi Kumasi, bai sake ka ba tukuna, mai riƙe da igiyar ne ya canja.

Wani zai ce tone-tone ne, kaza ma ta bari. Da abin ya mutu da mun bari. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure a cikinsu bayan an aika bincike an dawo da kalma ɗaya, asali. Har gobe bawa da bacucane zagi ne, gwaranci abin dariya ne. Kuma mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar littafi ya gaya mana yadda mutum yake komawa kaya mai farashi. Mun ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022. Mun zagaya da kwano a masallaci muna tara kuɗin fansa. Kalmar nan ta fansa ba sabuwa ba ce, ita kakanninmu suke faɗa in bawa zai sayi kansa. Muna tsine wa ɗan bindigar da ya sa wa ɗan'uwanmu kuɗi, kuma ya cancanci tsinuwar, sannan da yamma mu tura hoton mutanen da aka yi wa haka a kasuwanninmu, mu rubuta a ƙasa: ga jarumanmu. Mun sayar da su da rai, mun dawo muna cin ribar sunansu bayan sun mutu.

Ba cewa muke a daina bikin ranar soja ba. Ranar 6 ga Yuli ma daga harbin farko na yaƙin basasa a 1967 aka ɗauko ta, kuma waɗanda suka mutu tun daga lokacin sun cancanci a tuna da su. Abin da muke nema daga rundunar kalma ɗaya ce: in za a karanta tarihin 1863 a gaban fareti, a ce bayi ne da suka tsere. Ba abin kunya ba ne a gare su. Mutumin da ya tsinke igiya ya gudu ya fi mu da muke ɓoye labarinsa ƙarfin hali. Kuratan da ke wucewa ta bakin titinmu da askin ƙwal-kwabo ya kamata su san haka tun a shekarar farko.

Sauran aikin namu ne. Mu da sana'armu rubuta manhaja ce mun san rumbun bayanan da aka cike gurbin adadi aka bar gurbin suna fayau, ba a gama shi ba. Wasiƙun gwamnatin Legas na zamanin Glover suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, a jerin da ake kira CO 147, kuma Gidan Arewa da ke nan titin Rabah ba ya rasa ɗaliban da ke neman abin bincike. Ko ba a je Landan ba, akwai abin da waya za ta iya. 'Yan uwan waɗannan 18, waɗanda ba su samu tserewa ba har aka loda su a jirgi, in rundunar su Bruce ta tare jirgin akan rubuta su ɗaya bayan ɗaya a Freetown ko Havana: suna, shekaru, tsayi, sunan jirgi, tashar da aka ɗauko su. Rajistar tana intanet kyauta a shafin SlaveVoyages, sunaye sama da 90,000. Magatakardan ba sa jin harsunanmu, da kunne suka rubuta, da baƙaƙen Turanci, don haka sunan yakan fito a karkace, sai wanda ya sha harshen a nono ya karanta shi da ƙarfi sau biyu ko uku kafin ya gane na gida ne. Mu huɗu muka fara, da jiragen da suka tashi daga Legas da Badagry. Ɗayanmu Bagbagyi ne, kuma yakan tsayar da mu a kan sunayen da mu muka wuce ba mu ji komai ba. Ranar Asabar bayan la'asar muke zama.